Ranar Ajiye Guga

Dakoro, tsakiyar rani, 1965

Zuwa ga ɗana Badaru, komi, wato magatakardan ofis, a Maradi.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Ubanka Mijinyawa ke magana, Malam Abarci na bakin kasuwa ke rubutawa.

Jimrau, uban rijiyarmu ta hanyar Rumbu, ya riga mu gidan gaskiya. Ka san yadda muke yi tun Nasara bai kafa bariki nan ba: kowane mai gida, Bahaushe, Buzu, Bafillace, ya zo da gugansa ya ajiye gaban wanda ya yarda ya raba muna lokacin shayar da dabbobi. Wanda guguna suka fi yawa gabansa, shi ne uban rijiya.

To, ƴan kwamitin jam'iyya sun ce an daina, wai sun naɗa Cindo. Cindon da bai san ƙishin raƙumi daban da na akuya ba! Na ce musu, ranar da aka sauke tutar Nasara, ba ku kuka ce ƙasa ta dawo hannun talaka ba? Ga hannun nan, da guga a ciki. Ranar kasuwa zan kira ajiye guga.

Abarci ya ce kada a rubuta wannan. Na ce rubuta.

Allah shi yi maka albarka.

Maradi, Afrilu 1965

Zuwa ga mahaifina.

Baba, ina gaisuwa a durƙushe. Takardarka ta iso, na karanta, na ƙone ta.

Don Allah, don Annabi, ka bar maganar nan. Ba ka ga abin da muke gani ba. Wani tela a unguwarmu ya ce a wajen shan shayi, zaɓe da mutum ɗaya ba zaɓe ba ne. Kamyo, babbar motar gwamnati, ya zo ya ɗauke shi. Har yau matarsa ba ta san ko wane gidan kaso yake ba. Yanzu duk wanda ya tara jama'a, sunansa maƙiyin ƙasa. Kuma ajiye guga a fili ake yi, kowa yana ganin kowa. Mutane za su noƙe, su bar ka kai kaɗai.

Ka ce ba ka da lafiya. Ka taho Maradi.

Ɗanka mai biyayya, Badaru.

Dakoro

Badaru, ina gaishe ka. Lafiyata lau, ƙarya ba ta kamace ni ba.

Tsoro kam akwai. Gumiye, askarawan gwamnati, sun zo ƙofar gida bisa raƙuma, sun tambaye ni wa ke aiko ni daga ƙetaren iyaka. Tun ranar maƙwabta sun bar zama a tabarmata. Intalla Buzu, abokina na ƙuruciya, ya zo ya sha shayi, ya tashi.

Amma ni na gina rijiyar ga, a aikin dole. Da ƙasa ta rufta, Sha'ibu manomi da Mohamed Buzu da wani Bafillace Sa'adu muka jawo, da igiya ɗaya, kuma rami ɗaya muka sa su. A bakin kabarinsu aka rantse ba mai mulkin ruwan nan sai da yardar kowa. Duk waɗanda suka ji rantsuwar sun tafi, saura ni. In na yi shiru, ta mutu.

In an ɗauke ni, kada ka zo. Ka riƙe uwarka.

Wassalam.

Dakoro

Badaru, sallama. Wannan karon ni Abarci ne da bakina.

Jiya Baba ya kira ajiye guga, ya ajiye nasa a fili, ba gaban Cindo ba. Ba wanda ya motsa. Gumiye suka ɗaure shi suka yi bariki da shi. Suna ɓacewa sai Intalla ya tashi, ya jefar da nasa kusa da na Baba. Fulani suka bi, manoma suka bi. Har ƙanen Cindo. Nawa ma yana can.

Intalla ya ce guga ba ya komawa rijiya sai an gama zaɓe, kuma ba a gamawa mai kira ba ya nan. Shanu suna ta kuka, ba wanda ya ja ruwa.

Yanzun nan aka hango raƙuma daga wajen bariki. Ban sani ba ko shi suka maido, ko mu suka zo ɗauka. Muna zaune.

Ka sa mu a addu'a.