Tsohon Direba a Kan Tsohon Keke

Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya jikin Inna? Ta fara taka ƙafar kuwa? Ki gaishe ta ƙwarai, ki ce surukinta yana yi mata addu'a. Tun da wayarku ba ta shiga sai an hau tudu, na ba abokin aikina mai bin hanyarku ya miƙa miki wannan, kuma na liƙe ta da kyau don na san halinsa.

Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Ba rasuwa aka yi ba, amma an raba ni da motata.

Awon lafiyar direbobi da ake yi mana duk shekara ne ya zagayo. Da tsohon likitanmu ne, da mun gaisa, ya tambayi iyali, ya sa hannu. To ya yi ritaya, an kawo wata siririya mai tabarau wadda ba ta san fara'a ba. Ta ɗaura min abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sai ta tambaye ni yaushe rabona da tafiyar ƙasa. Na ce kullum ina yi, daga ofis zuwa mota. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce mai irin wannan hawan jinin bai kamata ya ɗauki rai ɗaya a mota ba, balle bas guda. Ta ba ni ƙwayoyi, ta hana ni gishiri da maiƙo, wato ta hana ni abinci ke nan, ta ce in motsa jiki in dawo bayan 'yan watanni.

Manaja ya karɓi makulli. Ya ce in awo na biyu ya yi kyau, motata tana nan. In bai yi ba, akwai kujera a ƙofar gareji, in zauna in riƙa ɗaga ƙarfe motoci suna wucewa. Ni! In ɗaga wa yaran da na koya wa riƙon sitiyari ƙarfe, suna danna min hon. Ranar ban iya cin komai ba, kin kuwa san abin da zai hana ni ci ba ƙarami ba ne.

Na gwada tafiyar ƙasa, maƙwabta suka yi ta tare ni suna tambaya ko lafiya. Sai na tuna da keken tseren nan nawa na samartaka, mai lanƙwasasshen kai, wanda kike jibga wa tsofaffin tabarmi a ɗakin ajiya, kina cewa a ba masu sayen ƙarfe. Na fito da shi. Mai gyara ya daɗe yana kallonsa, ya ce rabonsa da irinsa tun yana koyon aiki. Ya sa sababbin tayoyi, ya jiƙa sarƙa da mai, ya so ya cire kariyar baya ta ɗaukar kaya da na sa aka yi wa walda lokacin da nake kai ki kasuwa, wai nauyi ce kawai. Na ce a bar min kayata, da tsohuwar zuma ake magani.

Jiya na hau. Ko dai sirdin ya ƙanƙance a ajiya, ko ni ne na faɗaɗa. In na sunkuya na kama kan keken, kowace feda na taka sai gwiwata ta gaisa da tumbina. Na dai kai ƙarshen layinmu na dawo. A tsaye nake rubuta miki wannan, kada ki tambaye ni dalili.

Ki huta lafiya. Kada ki gaya wa Inna, hankalinta zai tashi.

Naki,
Baban yara


Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya ɗawainiya? Na ji Inna ta fara dogara sanda, alhamdu lillahi. Amsarki ta iso, na kuma ga inda kika rubuta cewa kin daɗe kina faɗa. Gaskiyarki ce, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Amma ba sai kin ja layi a ƙarƙashi ba.

Mai gyara ya haɗa ni da wasu masu hawan keke da ke taruwa gaban gidan mai da sassafe ranar hutu. Shugabansu wani dogo ne mai shagon magani, Kyaftin suke ce masa. Kekunansu da yatsa ɗaya ake ɗagawa. Kayan jikinsu kuwa, uwargida, ban san yadda suke shiga ba, ban kuma san yadda suke kallon surukansu a ciki ba. Ni wandon aikina na cusa a safa, na sayi hular kwano da ta zauna min a tsakiyar kai.

Kyaftin ya yi min bayanin ƙa'idarsu. Layi ɗaya ake yi, taya kusa da taya, tazarar ba ta wuce tafin hannu. Na gaba yana tare wa na baya iska, in ya gaji ya koma ƙarshe, wani ya karɓa. Babban sharaɗi shi ne na gaba ba ya taka birki sai ya yi ihu tukuna. Na ce masa wannan ai wasan yara ne wurin mutumin da ya tsufa a kan titi.

Da layi ya zo kaina, sai suka gano wata baiwa da Allah ya yi min. Ashe bayana ko kaɗan iska ba ta ratsawa. Na ji wani yana cewa kamar ana bin motar kaya. Suka yi ta zuga ni, ni kuma kaina ya kumbura, na ƙi komawa baya. Ina haki, gumi yana shiga min ido, amma zuciyata fari tas, ga ni a gaba da mutane a bayana kamar yadda na saba.

Sai wata mata da ke tsaye a bakin titi ta ɗaga hannu.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Kafin in ankara na karkata gefe na damƙe birki, na tsaya daidai gabanta yadda ba sai ta yi taku ba. Abin da na ji a bayana ba zan iya kwatanta miki ba. Na waiga na ga mutane da kekuna sun zama tsibi ɗaya, ƙafar wannan a wuyan wancan, Kyaftin kuma yana fitowa daga kwata, taya ɗaya na juyawa a sama. Matar ta dafa ƙirji tana ba mu haƙuri, ashe tasi take tsayarwa.

Allah ya taƙaita, ƙujewa ce kawai da lanƙwasar ƙarfe. Kyaftin ya ɗingiso ya tambaye ni cikin ladabi me ya faru. Na ce masa, “Fasinja ce.” Ya juya ya tafi ciro kekensa daga kwata. Daga nan suka mayar da ni ƙarshen layi. Can ma duk inda na ga an taru a tasha sai ƙafata ta saki feda, har na ɗaga kai na ga ni kaɗai ne a titi. Da yamma ya aiko min da man shafawa da saƙon cewa in ɗan ƙara horo ni kaɗai tukuna. Na gane, korar mutunci ce.

Sabo turken wawa, in ji masu magana, to ga wawan nan yana gaishe ki. Ki shafa min kan jikokin gidan.

Mijinki,
Baban yara


Uwargida,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina jinya? Na ji kin karanta wa Inna labarin kwata har ta yi dariyar da ta sa aka kawo mata ruwa. Ba haka muka yi da ke ba, amma tun da ya yi mata magani na yafe.

Yanzu ni kaɗai nake fita, tun kafin bas ta farko ta tashi. Na yi niyyar bin hanyar bayan gari inda babu kowa, amma keken nan hanyar motata kawai yake bi, tasha bayan tasha. Mutane kuwa sun gane ni. Ta farko wata tsohuwa ce mai shara a kasuwa, ta girmi Inna, kada ki ɗaga gira. Ta ce, “Direba, ina motar? To tun da ka tsaya, matsa.” Ta hau kariya da tsintsiyoyinta. Washegari sai ga ta da wani mai gadi a bayanta yana jiran in dawo. Yanzu akwai mai kai burodi, akwai malamin makaranta da ke gyara takardun yara a bayana muna tafe. Ba na karɓar ko sisi, amma hakan bai hana su ƙorafi ba. Shekaranjiya wani ya ce in rage gudu a kan ramuka, wai ba buhu na ɗauko ba.

Ina cikin damuwa. Kyaftin ya taɓa ce min horon kirki shi ne tafiya doguwa a miƙe ba tsayawa. Ni kuma tsaya, ɗauka, tashi, sauke, ga nauyin mutum, ga nauyin ƙarfe. Ban sani ba ko gyara nake yi ko ɓarna. Na dai huda wa bel ɗina sabon rami, ina kuma iya ɗaura igiyar takalmi ba tare da na riƙe numfashi ba. Amma ba bel likita za ta auna ba.

Jiya na wuce ta gareji na ga motata tana fitowa. Wanda suka ba ta yana sa giya kamar yana fushi da ita, tana kuka tun daga ƙofa. Na kalli kujerar nan ta bakin ƙarfe, babu kowa a kai. Tsoro nake ji, uwargida. Ban san wani abu ba ban da tuƙi, kuma ban san yadda zan dube ki ba in na dawo gida da yamma ban kai kowa ko'ina ba. Gidan ma ya yi min faɗi da ba ki nan.

Awo mako mai zuwa ne. Likita ta aiko cewa in zo da wuri, kada in sha shayi, in zauna shiru in huta kafin a auna ni. Ku sa ni a addu'a.

Naki,
Baban yara


Uwargida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Inna. Na san kin ƙosa, to ki yi haƙuri in faɗa miki daga farko.

Jiya, ranar awo, na fita da wuri, na yi wa kaina rantsuwa cewa yau ko gari ne ya ɗaga hannu ba zan tsaya ba. Na kafa ido a tayar gaba. Na wuce tasha ta farko ana kirana, na yi kamar kurma. Na kusa kaiwa ke nan, sai wani ya shigo har tsakiyar titi da hannu biyu a sama. Ƙato ne, ban taɓa ganin mutum mai faɗinsa ba, ni a gefensa siriri ne. Yana rungume da fulas da ledar kayan jarirai, ga babur ɗinsa a gefe ya mutu. Matarsa na kan gwiwa a asibitin da ke can kan tudu, haihuwar fari, an kira shi an ce ya zo maza.

Kin san sauran. Da ya zauna sai da tayar gaba ta ɗaga. Tudun nan da bas ma sai da giya ɗaya take hawansa, na hau shi da shi, a tsaye kan feda, yana bayana yana salati yana ce min, “Taka, Baba, taka!” A ƙofar asibiti ya diro ya ruga, ko waige bai yi ba, ya bar min fulas a hannu. Na miƙa wa mai gadin asibitin na juyo.

Ni ne na ƙarshe a wurin awo. Na shiga a jiƙe sharkaf, zuciyata tana bugawa har a kunne. Likita ta ce ba ta da lokacin jira, ta ɗaura abin. Ta kalli abin da ya nuna, ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce wannan ne hutun da ta ce in yi? Na gaya mata gaskiya. Ni dai na riga na ga kaina a bakin ƙarfe.

Sai ta riƙe wuyan hannuna tana kallon agogo, ta ce kada in yi magana. Can ta sake aunawa. Ta ɗan jira, ta kuma. Ta ce zuciyar da ta hau wancan tudun da kaya, ta kuma sauko ta natsu da wuri haka, ba ita ce wadda ta auna watannin baya ba. Ta ce ƙwaya ba fashi, keke ba fashi, za ta sake nemana. Ta sa hannu. Ina jin har gefen bakinta ya ɗan motsa, amma ba zan rantse ba.

Yau na koma mota. Na daɗe zaune hannuna kan sitiyari kafin in tayar. A matsattsiyar hanyar da ke bayan gada sai na tarar da su Kyaftin a jere, babu wurin wucewa. Na san yadda iskar babbar mota ke kaɗa mai keke, don haka na sa giya ƙarama na bi bayansu a hankali, ko hon ban taɓa ba. Fasinjoji suka fara guna-guni. Wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce, “Direba, wai ka mutu ne?”

Uwargida, dariya ta kama ni, sai kuma na ji hawaye na zuba, ban iya tsayar da ko ɗaya ba. Na ce masa, “A'a, ɗan'uwa. An duba ni jiya, an ce tukuna.”

Ki dawo da zarar Inna ta ajiye sanda. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai kewarki,
Baban yara