Tabarau ɗin Baba Audu

Asabar da dare, Minna

Yau aka yi ranar karrama makaɗa. Kowa na yaba wa kwamitinmu, ni kuwa ko tuwo na kasa ci.

Kafin Baba Audu mai goge ya hau dandamali, mai hoton da ya zo daga Kaduna ya ce tabarau ɗinsa zai ɓata shigar gargajiya. Ni ce na je na durƙusa na ce, "Baba, kawo in riƙe maka, don hoto ne." Bai musa ba. Na jefa a jaka, hidimar baƙi ta ɗauke mini hankali.

Filin ya cika maƙil, har leburorin jirgin ƙasa sun hau katanga. Da Baba ya gama kiɗa, kowa ya miƙe tsaye.

Sai da ake watsewa na tuna, na ruga na kai masa. Ya goge da bakin riga, ya sa, ya dubi kujerun da ake kwashewa.

"'Yata, na dai ji tafi. Da gaske har manya sun miƙe mini?"

Na ce ƙwarai kuwa.

Ya yi murmushi. "Kai, da ma na gani."