Na'ura Uku a Ɗaki Ɗaya

Gadarif, daren Talata, kakar riɗi

Yau manhajar dillalanmu ta tsaya ana tsakiyar cinikin riɗi, kuma ni na sha faɗan.

Tun da na kama aiki wurin Haj Usman muka yarda ba za mu yi hayar na'urar kwamfutar kowa ba, da kanmu za mu riƙe abinmu. Na tsara na'ura uku su kula da kwantenonin da manhajar ke gudana a cikinsu: ɗaya a ofis, ɗaya a sito, ɗaya a garin Mafaza. In ɗaya ta faɗi, biyun su ci gaba da aiki. Ina tafiya jinyar Inna, Haj Usman ya sa aka kwaso su duka zuwa ofishinsa. Wai kaya mai tsada ba ya kwana inda idonsa bai kai ba.

Da hantsi kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ukun suka mutu tare. A gaban dillalai ya ce, "Ya bashmuhandis, babban injiniya, ashe ilimin Khartum ɗin ke nan?"

Na ce, "Haj, ai ba haka na ajiye su ba."

Ya ce, "Khalas, ya isa, gyara kawai."

Na gyara, amma na'urorin suna nan inda ya tara su.

Shi yana ganin iyayi ne na 'yan jami'a. Takarduna, hotunan Baba, kwamfutata, duk a ɗaki ɗaya na kulle su ranar da yaƙi ya sa muka gudo daga Khartum, da kwaɗo mai kyau. Ban sake ganin ko ɗaya ba. Makullin yana aljihuna har yanzu.