Kar Ka Yanka Bajimin Nan

Yaya Mode,

Ba zan iya jiranka ba, ɗan doka na tsaye a zaure. Da hantsi ina jan bajimin da ka sawo zuwa mahauta, sai munka iske motar Baturen kamfani ajiye a Ƙofar Dundaye tana ƙyalli. Bajimin ya ga kanshi a jikinta, ya zaci wani sa ne, ya fizge igiya ya kafa mata ƙaho.

Direban, da ya bar ta ya tafi shan fura, ya rantse ni na caka mata barho. Akawu ya ce in dabba ce, masu inshora na Ikko za su gyara. In hannun mutum ne, sai gidan yari. Gobe Baturen zai zo duba.

Don Allah kar ka yanka shi, ko za mu wuni ba nama. Yana turke, nesa da bango. Akwai koren fenti a ƙahonshi na dama, Hajjo ta hana yara kankarewa. Waɗanda sunka gani duk sun ce ba su gani ba. Shi kaɗai ne shaidata.

Ƙanenka,
Na'Allah