Jakar da Ba Ta da Hannu

Zuwa ga 'yata Wartini, a Taiwan.

Gaisuwa mai yawa, Nduk, 'yar lelena. Yaya aiki, yaya jikin tsohuwar da kike jinya? Kin bar taki tsohuwar kin tafi goge wa ta wasu baki, Allah ya ba da lada.

Ni lafiya lau, sai gwiwa. Ina saƙa miki jaka da ledojin garin kofi, irin wadda matan unguwa ke yi. 'Yarki Laras ta yi hankali. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta juye mini wasu ƙananan ledoji koraye a cinya, a wanke, a yanke. Na ce, "Ke mummuna, tsintar shara kika koma?" Ta ce ƙawayenta ke tara mini.

Sai dai barcinta ya yi yawa. Ko tempe nake soyawa, ƙosan nan namu na waken soya, ba ta motsi, ita da ke sace shi tun yana cikin mai. Ina zargin saurayi ne.

Uwarki,
Karsinem

Wartini,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Laras tana asibiti, amma ta buɗe ido. Ranar Litinin ta yanke jiki ta faɗi ana tsaka da ɗaga tuta a makaranta. Na ruga asibiti da jakar a hannu ban ma sani ba. Nas ta ƙura mata ido, ta warware ninki ɗaya, ta ce, "Kaka, wa ke tari a gidanku?" Na ce babu kowa. Ta ce koraye duk na maganin tari ne. Yara ke sayensu a shago kamar alewa, su matse da yawa a kofi su shanye don kansu ya juya.

Na ɗora wa Laras jakar a gado, na ce ta nuna mini waɗanda ita ta sha a ciki. Ta sa yatsa a gindin jakar, ta ja shi har baki.

Ta roƙe ni kada in gaya miki, wai za ki rasa aiki saboda ita. Na ce, "Mummuna, yaushe kakarki ta taɓa riƙe magana?" Ta fara dariya, sai kuka.

Ki dawo, Nduk. Tsohuwar can za ta sami wata, Laras ba ta da wata uwar.

Jakar saura hannu. Na ajiye ta a kan teburin da muke cin abinci. Ki taya ni roƙon Allah kada in ƙara samun koriyar ledar ƙarasa ta.

Uwarki mai jiranki,
Karsinem