Baba Ya Koma Bencin Habu

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan Zakirai alhamdu lillahi, gero ya fara fitar da kai.

Ka tuna Habun gidan Liman, wanda nake yankewa a wasan ƙwallo a filin firamare har ya zauna a ƙasa? Gwiwa ta raba shi da kulob ɗinsa, ya dawo ya buɗe shagon taki a bakin kasuwa. Har ya rataye tsohuwar rigar wasansa cikin gilashi, mutane sai zuwa kallo suke.

Duk wannan da sauƙi. Baban da ya fasa mini ƙwallo da lauje ya kora ni gona, yanzu kullum bayan la'asar yana bencin Habu. Jiya na kai masa fura can, ya dube ni a gaban jama'a ya ce, “Kai ma da ka dage, da rigarka ce a nan.”

Na ajiye masa furar na juyo gida. Ka sa ni a addu'a, Yaya, ka gaida mutanen gidan. Taki kuwa, bana sai dai in sayo a Kano.

Ƙaninka,
Isiya