Sanyin Shagufta Na Farko A Dongri

Dongri, Baltistan
Watan Oktoba

Zuwa ga surukina Abba-ji, Haji Manzur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da surukata Ammi-ji da yara da mutanen shago baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwa? Zafin Multan ya fara sassautawa kuwa? Mu nan sai godiyar Allah.

Mun iso lafiya. Hanyar Skardu ta juya wa 'yarka Shagufta ciki, amma da ta sauko daga mota ta ga itatuwa sun rine, wasu ja wasu ruwan ɗorawa, sai ta manta da jiri. Ta dube ni ta ce, "Rozi, wannan ka bari ka je kana dakon yadi a shagon Abba? Anya ƙalau kake?"

Mahaifiyata, da muke kira Amo, ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta ba ta shayinmu na man shanu da gishiri. Shagufta ta shanye don kunya, idonta na ƙwalla. Da aka buɗe akwatinta sai ga kaya kashi huɗu a jere, wai na furanni, na ɗumi, na zubar ganye, da na sanyi, kowanne wata uku. Amo ta ɗaga mayafin sanyin sama, ta hango ni ta cikinsa, ta ce, "Madalla, dama matacin madararmu ya yage."

Abba-ji, na san inda ta samo wannan lissafi. Kai ne in an ɗauke wuta da azahar kake zama kana fifita, kana cewa can kan duwatsu Allah Ya raba shekara gida huɗu daidai wa daida, ba a gumi, ba a kuka, ƙanƙara tana sauka kamar auduga. Lokacin ina yaron shago, ba ni da bakin musu. Yanzu kuwa na zama ɗa, sai in faɗa maka. Shekararmu gida biyu ce: sanyi, da shirin sanyi. Furannin da kake marmari ba sa cika mako biyu.

Ban manta da alkawarinmu ba. Za ta yi sanyi ɗaya a nan, in hanya ta buɗe ta faɗi zaɓinta da bakinta. In ta ce Multan, zan biyo ta, in bar wa ɗan baffana gonar mahaifina. Amo dai ta ce makara kaɗai za ta fitar da ita daga Dongri, ka ga ke nan har da uwa zan bari. Duk da haka barcina nake yi. Na san 'yarka. Ban taɓa ganin ta saki abin da ta kama ba.

A gaishe da Ammi-ji. Allah Ya ƙara girma.

Ɗanka,
Rozi Ali


Dongri
Watan Janairu

Abba-ji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, da fatan kowa yana lafiya. Ƙanƙara ta rufe hanya tuni. Wani maƙwabcinmu zai taka a ƙafa zuwa Skardu, shi zai jefa wannan a gidan waya, don haka kada jinkirinta ya dame ka.

Akwai abin da ya faru, kuma gara ka ji daga bakina. Kafin ƙanƙara ta sauka mukan yi busasshen sanyi. Wata rana da yamma Shagufta ta share ƙofar gida tas, ta yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, kamar yadda Ammi-ji ta koya mata tun tana yarinya. A Multan wannan aikin 'yar kirki ne. A nan kuwa kafin gari ya waye ruwan ya zama gilashi. Amo ta fito za ta tatsa, santsi ya kwashe ta, hannunta na dama ya karye a wuyan hannu. Ba wanda ya taɓa gaya wa Shagufta kada ta yi haka, don a Dongri ba wanda ya taɓa tunanin mutum zai zuba wa ƙasa ruwa da gangan a watan sanyi.

Apo Bakir, tsohon da ke mana ɗori, ya ɗaure hannun. Shagufta ta ƙi abinci, ta ce da hanya a buɗe take da a ranar za ta tafi. Ban roƙe ta ba, Abba-ji, don ba ya cikin alkawari. Amo ce ta kira ta daga shimfiɗa ta ce, "Ke 'yar garin mangwaro, kukan ya isa. Kin karya mini hannu, to ba ni aron naki. Saniya ba ta san hawaye ba."

Tun daga ranar ita ke tatsa. Yatsunta sun tsage, Amo na shafa mata man ƙwallon kubani, wani ɗan itace na nan, da hannun hagu tana mita.

Ƙanƙarar da kuke so ta zo. Ranar farko Shagufta ta hana ni takawa, wai zan ɓata. Ta ɗiba ta ci kamar yarinya. Da na miƙa mata shebur ɗin katako na ce mu hau soro, ta ɗauka wasa nake. Sai da na nuna mata azarar ɗaki ta fara lanƙwasa. Audugar nan, in ta kwana a kan rufin ƙasa, tana iya binne mutane da ransu. Yanzu duk saukar da ta yi muna sama muna turewa.

Mun koma ɗakin ƙasa, bango ɗaya da shanu, don numfashinsu ɗumi ne. Hayaƙin kashin shanu ya maida mu baƙaƙe. Rana ba ta leƙo kan dutse sai hantsi ya yi, kafin la'asar ta wuce abinta. Ran nan Shagufta ta wanke mini riga ta shanya, rigar ta sandare, garin cirewa hannun rigar ya ɓalle a hannunta. Ta tsaya tana kallonsa, can ta ce, "Garin nan komai na taɓa sai hannunsa ya karye." Amo ta yi dariya har ta sarƙe.

Ba zan ce maka 'yarka tana jin daɗi ba. Wani lokacin nakan ga ta zuba wa bango ido, na san tana soron gidanku ne a zuci. Amma na lura da abu ɗaya: ta daina tambayata yaushe sanyi zai ƙare, ta koma tambayar ciyawar shanu za ta kai mu ko ba za ta kai ba.

Ka sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Rozi Ali


Dongri
Watan Afrilu

Abba-ji,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan kai da Ammi-ji kuna cikin ƙoshin lafiya. Amo na gaisuwa, hannu ya warke, sai dai ya ɗan karkace.

Hanya ta buɗe. Sikandar direba ya kawo takardarka, ya ce ka sa shi ya ajiye wa Shagufta kujerar gaba. Ya same mu a gona. Har yanzu ƙanƙara ta kai gwiwa, kuma in muka jira ta narke don kanta, sha'ir ba zai nuna ba kafin wani sanyin. Saboda haka mukan haƙo baƙar ƙasa mu watsa a kanta, rana ta kama baƙin ta cinye farin. 'Yarka na tsakiyar gona da kwando a baya, tana watsi tana zagin ƙanƙara da kalmomin da ban san ta iya ba.

Da muka koma gida sai muka tarar Amo ta ɗaure mata akwati, ta ɗora busasshen kubani a kai. Ta ce, "Tafi gidan ubanki, 'yata. Kin yi abin da ba kowa ba. Shi ma ɗan nan nawa ya bi ki, ni na saba."

Shagufta ta ajiye kwando ta ce, "Lallai ma Amo! Na sha muku hayaƙi wata shida, na kwana da shanu, sai yanzu da itatuwa za su yi fure za ku kore ni? Wa zai ci ribar wahalata?"

Na ce mata ta yi tunani da kyau, furen ɗan kaɗan ne, bayansa sai yankan ciyawa da tara itace, sai kuma wani sanyin irin wannan ko wanda ya fi shi. Ta ce ta sani, ita ba makauniya ba ce, kuma bana itacen da zan tara sai ya ninka na bara, in ba haka ba ni zan kwana da shanun ni kaɗai.

Ga zaɓinta ke nan, da bakinta, a gaban Sikandar. Za mu zo ganin gida bayan girbi, mu juyo kafin hanya ta rufe. Kujerar gaban kuwa ta ce kada ta yi asara: in Sikandar zai sake hawowa, a ɗaure mata kekenta na ɗinki a kai.

Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Ɗanka har kullum,
Rozi Ali